Ina da cikin wata biyar, lemon da babu sukari zai cutar da jaririna?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Kaduna, shekaruna 27, ina ɗauke da ciki na biyu, yanzu wata biyar. Tun da cikin nan ya shiga laulayi ya sa ni a gaba, ba abin da ke kwantar min da tashin zuciya sai lemo mai gas mai sanyi. Mahaifiyata tana da ciwon suga, ni ma a awon farko an ce nauyina ya ɗan yi yawa, shi ya sa maigidana ya daina sayo mai sukari ya koma sayo wanda aka rubuta Zero a jikinsa, katan guda yake ajiye min. A rana nakan sha roba biyu, in zafi ya yi yawa har uku. To makon jiya surukata ta zo ta gani, ta ce wannan kemikal ne zalla, shi ke sa a haifi bakwaini, kuma zaƙi zai tarar min in sha wuya ranar haihuwa. Ta ce in koma malt da madara saboda ƙarin jini, in cikin ya kai wata bakwai za ta kawo min maganin zaƙi. Wata ƙawata kuma ta turo min saƙo a WhatsApp wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin yana kawo kansa. Anti tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na riga na cutar da abin da ke cikina ke nan? In daina gaba ɗaya ne? Kuma yaya zan yi da Hajiya ba tare da ta ga na raina ta ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki lafiya, ya raba ku lafiya. Ki kwanta ki yi barcinki yau. Abin da kika sha a watannin nan bai kai matakin da masana suke ɗauka a matsayin cutarwa ba, ko kusa. Amma roba biyu zuwa uku kullum ya yi yawa ga mai ciki, kuma ina so ki sauko da shi sosai, ya zama abin marmari na lokaci-lokaci. Dalilina ba irin na ƙawarki ba ne, kuma wani ɓangare na maganar Hajiya yana da tushe fiye da yadda kike zato. Bari mu bi su a hankali.

Abin da ke sa lemon nan zaƙi ba tare da sukari ba sinadarai ne kaɗan da aka daɗe da sani. In kin juya robar kika karanta ƙananan rubutun da ke jiki, yawanci za ki ga aspartame, acesulfame K, ko sucralose, wani lokaci biyu a haɗe. Aspartame ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, sucralose kuwa kusan sau 600, don haka ɗan mitsitsi ake sakawa. Aspartame shi ne aka fi surutu a kansa, kuma shi ne aka fi bincike a kansa tun da aka gano shi a 1965. Ba ya shiga jini a yadda yake. Tun a hanji yake rabewa zuwa abubuwa uku, biyu daga ciki irin waɗanda ke cikin nama da ƙwai da wake ne, na ukun kuma ana samun irinsa a ruwan tumatir da 'ya'yan itatuwa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sake bin dukkan binciken da aka yi a kansa a 2013, ta ce a iyakar da aka gindaya ba shi da illa, har ga masu juna biyu.

Iyakar ita ce miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mu ɗauka kina da kilo 65, iyakarki ta zama miligiram 2,600. Gwangwani ɗaya na irin lemon nan yana ɗauke da miligiram 200 zuwa 300 in aspartame kaɗai aka sa, wato sai kin sha gwangwani 9 zuwa 13 kullum kafin ki taɓa iyakar. Ita kanta iyakar an ajiye ta ne can ƙasa da inda aka fara ganin matsala a gwajin dabbobi. Ke roba biyu ko uku kike sha. Kin ga akwai tazara.

Saƙon ƙawarki kuwa rabin labari ne. A watan Yulin 2023 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke birnin Liyon na Faransa, ya sa aspartame a rukunin da suke kira 2B, wato abubuwan da akwai 'yar alamar tambaya a kansu amma hujjar ba ta da ƙarfi. A rana ɗaya da wannan sanarwa, kwamitin da ke tsayar da iyakar abin da za a ci, na hukumar da takwararta ta abinci, ya ce ya duba bai ga dalilin taɓa miligiram 40 ɗin nan ba. Wannan rabin ne ba ya yawo a WhatsApp. Kuma don ki san nauyin rukunin, jan nama, wato naman sa da na rago da muke jefawa a miya kullum, yana rukunin 2A ne, sama da aspartame. Taba da giya su ne a rukuni na 1. Ban ga wanda ya daina tsayawa wajen mai tsire saboda haka ba. Ki cire maganar kansa daga ranki.

Maganar bakwaini ce take buƙatar a zauna a kanta, domin ko Hajiya ta san da haka ko ba ta sani ba, an yi bincike a kai. A Denmak an bi mata masu ciki 59,334, aka fitar da sakamakon a 2010. An ga cewa masu shan lemo mai gas mai zaƙin sinadari aƙalla sau ɗaya kullum sun fi waɗanda ba sa sha haihuwa kafin mako 37 da kashi 38 cikin ɗari, masu shan huɗu ko fiye a rana kuma da kashi 78. Lambobin suna da ban tsoro in an faɗe su haka tsirara, to ga ma'anarsu: in a ce cikin mata 100 da ba sa sha, 5 ne za su haihu kafin lokaci, cikin masu sha kullum sai su zama kusan 7. Sauran 93 sun kai lokacinsu. Bayan shekara biyu, a 2012, aka fitar da irin wannan bincike daga Nowe a kan mata fiye da 60,000. A can ma an ga ƙarin, amma ƙanƙani, kuma abin lura shi ne masu shan lemon sukari kullum sun ma fi masu shan na sinadarin shiga wannan haɗari. Sai kuma Kanada a 2016, inda aka bi iyaye mata da jariransu kusan 3,000, aka ga 'ya'yan masu shan lemon sinadari kullum lokacin ciki sun ninka saura yiwuwar yin ƙiba fiye da kima a shekara ɗaya da haihuwa.

Duk waɗannan bincike na sa ido ne. An tambayi mata me suke sha, aka jira aka ga yadda haihuwa ta kasance. Ba a raba su gida biyu aka ba wasu aka hana wasu ba. Matsalar irin wannan ita ce, su wa suka fi komawa lemon da babu sukari? Masu ƙiba, masu tsoron ciwon suga, masu hawan jini, wato matan da dama can sun fi kusa da haihuwa kafin lokaci. Ke kanki shaida ce, ai ciwon mahaifiyarki da nauyinki ne suka kai ki gare shi. A binciken Denmak ma yawancin ƙarin da aka gani ya fito ne daga haihuwar da likitoci suka janyo da kansu saboda wata larura, ba naƙudar da ta zo da kanta ba. Mutum zai iya ganin masu lema sun cika titi duk ranar da aka yi ruwa ya ce lema ce ke kawo ruwan sama. Masu binciken sun yi ƙoƙarin tace waɗannan abubuwa a lissafinsu, amma tacewa ba ta taɓa zama cikakkiya.

Ga inda na tsaya. Ba a tabbatar lemon ne ke jawo bakwaini ba. Amma ƙasashe uku, dubban mata, kuma alamar tana fitowa a wuri guda, wajen masu sha kullum, tana ƙaruwa in shan ya ƙaru. Abin da ake maganarsa kuma ba abinci ba ne, ba magani ba ne, ba ya ƙara wa jaririnki komai. In abu ba shi da amfani ga ɗan ciki kuma akwai ko da ƙaramin kokwanto a kan yawan shansa, ni ban ga abin jayayya ba, a rage. Ranar suna ko biki aka miƙo miki, ki sha abinki da kwanciyar hankali. Rana ta yi zafi zuciya ta tashi kin sha rabin roba, babu laifi. Sau ɗaya ko biyu a mako ba abin da zan ɗaga murya a kai ba ne. Katan a ƙarƙashin gado ne ba na so, domin abin da ke kusa da hannu shi ake sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a watan Mayun 2023 ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadaran zaƙi don rage ƙiba, saboda ba su nuna suna yin aikin ba in tafiya ta yi nisa. Wato dalilin da ya sa maigidanki ya sayo shi, duk da kyakkyawar niyyarsa, shi ma bai tsaya da ƙafafunsa sosai ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba wanda ya kamata ki sa a lissafi, wato kafeyin, sinadarin da ke hana barci. Cire sukari daga lemon kola bai cire shi ba. Iyakar da likitocin mata suka fi bayarwa ga mai ciki ita ce miligiram 200 a rana. Robar kola ta 50cl tana da kusan 50. Uku sun zama 150. Ki ɗora babban kofin shayin safe, kusan 75, kin riga kin haye. In kina taɓa Nescafé, kofi ɗaya kusan 100 ne, kuma in laulayi ya sa kina ɗan ɓantarar goro don tsinkewar yawu, shi ma yana da shi sosai. Kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, jikin mai ciki kuma yana jinkirin fitar da shi, musamman a watannin ƙarshe, kuma an danganta yawansa da ɓari da haihuwar jariri mara nauyi. Ina ma zargin yana da hannu a rashin barcin da kike kuka da shi, ba fargaba kaɗai ba. Lemon da ba kola ba, irin mai ɗanɗanon lemon zaƙi ko lemon tsami, yawanci babu kafeyin a ciki. Lemon ƙarin kuzari kuwa, wanda samari da direbobi ke sha, ki bar shi kwata-kwata har ki haihu ki yaye.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ba kowa ke kawo shi ba in ana wannan magana. Lemon kamfani, duk abin da za a ce a kansa, yana da lambar NAFDAC, an rubuta abin da ke ciki, an auna shi. Zoɓo da kunun zaƙi da jinja da ƙanƙarar leda da ake sayarwa a bakin titi da tasha da ƙofar makarantu fa? Tun da sukari ya yi tsada, masu sana'ar nan da yawa sun koma siwita, kuma ba ma'auni, da ƙiyasin hannu ake zubawa. Abin da ake ƙullawa a leda a sayar da sunan siwita sau da yawa sakarin ne, kuma shi ne a cikin dangin nan wanda likitoci suka fi cewa mai ciki ta kauce masa, saboda yana ratsa mabiyiya, kuma jikin ɗan tayi yana daɗewa bai fitar da shi ba. NAFDAC ta sha jan kunnen masu gidajen burodi a kan sa shi. Za ki gane shi a baki: zaƙin ya wuce misali, yana daɗewa a harshe, daga baya ya bar ɗan ɗaci a maƙogwaro. Ba ina aibata masu neman halalinsu ba ne, da yawansu da sukari suke yi kuma da tsafta. Amma ke da ba ki ga yadda aka haɗa ba, ba ki san ruwan da aka yi da shi ba, ba ki san inda aka tsinto robar ba, ga taifot ga gudawa, a watannin nan ki yi naki a gida ko ki saya a hannun wadda kika sani kika yarda da ita. Na sha ganin mai ciki ta ƙi lemon kamfani wai kemikal ne, ta aika yaro ya sayo mata zoɓon naira ɗari ja wur mai zaƙi kamar ya tsinke harshe. Shi kansa zoɓon, ko na gida ne, likitoci da yawa suna cewa mai ciki ta rage shi ko ta bari, saboda abin da aka gani a gwajin dabbobi.

Mu zo kan malt da madara. A nan kam, da dukkan girmamawa ga Hajiya, ba zan goyi bayanta ba. Lemon kola mai sukari yana da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato robar 50cl kusan giram 50, cokalin shayi 12. Malt yana nan kusa da haka, ki duba jikin gwangwanin ki gani da idonki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai ƙara a abincinsa kada ya wuce kusan giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ga mace mai nauyi wadda mahaifiyarta ke da ciwon suga, ta bar Zero ta koma malt kullum, an gudu ne ba a tsira ba, kai gara ma inda aka baro. Kuma malt da madara ba ya ƙara jini yadda aka ɗauka. Abin da jiki ke haɗa jini da shi sinadarin ƙarfe ne, madara kuwa ba ta da shi sai kaɗan, hasali ma tana rage yadda hanji ke tsotsarsa in an haɗa su lokaci guda. Madara abinci ce mai kyau ga ƙashi, ki sha ta don wannan. Ƙarin jini na gaskiya shi ne 'yan ƙwayoyin nan da ake ba ku a awo, na ƙarfe da folik asid, waɗanda mata da yawa ke zubawa a durowa saboda wai suna sa tashin zuciya ko suna sa jariri ya yi ƙato. Ba sa sa jariri ya yi ƙato. Ki sha su kullum, da ruwa ko bayan kin sha lemon zaƙi na ɓawo, kada ki kora su da shayi ko madara, ki ba da tazarar awa biyu. In suna tayar miki da zuciya ki mayar da su dare bayan abinci. Sai nama, kifi, wake, ƙwai, zogale da alayyafo.

Batun zaƙi kuma, iyayenmu ba a banza suka faɗa ba. Sun lura cewa mai yawan shan zaƙi tana shan wuyar haihuwa, kuma asibiti ya yarda da wannan ta wata fuska. In sukari ya yi yawa a jinin uwa yana wucewa ga jariri, jaririn ya yi girma fiye da kima, kilo 4 ko sama, kafaɗa ta maƙale, naƙuda ta yi tsawo, a ƙare da tiyata. Ruwan ciki ma yana iya yin yawa. Sai dai sukarin a jini yake, ba wani abu ne da ke taruwa a mara wanda jiƙo zai wanko ba. Majinar da ke fita gab da haihuwa, wadda ake cewa zaƙi ne ke zuba, toshiyar bakin mahaifa ce, kowace mai ciki tana da ita ko ta sha zaƙi ko ba ta sha ba. Maganin zaƙi kuwa ina roƙonki kada ki sha. Ba ki san saiwar da aka haɗa ba, ba ki san yawanta ba, wasu suna sa gudawa har jiki ya bushe, wasu suna tayar da ciwon mara kafin lokaci. A ce ana gudun bakwaini sannan a sha abin da zai murɗa mahaifa a wata bakwai, lissafin bai fita ba.

Abin da za ki yi a maimakonsa gwaji ne. Ana yin gwajin sugan masu ciki tsakanin mako 24 zuwa 28, kin kusa shiga, kuma mai tarihi irin naki ana iya yi mata tun kafin nan. Kada ki tsaya a gwajin fitsari kawai, yana iya wucewa bai kama ba. Wanda ake so shi ne za ki kwana ba ki ci komai ba, a ɗebi jini da safe, a ba ki ruwa mai gulukos giram 75 ki shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, in na farkon ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, an kama ciwon sugan ciki. In inda kike awo ba sa yi, ki ce su rubuta miki ki je babban asibiti, ga Yusuf Ɗantsoho nan a unguwarku, ga Barau Dikko a cikin gari. Ki buɗe baki ki gaya wa malamar awo cewa mahaifiyarki tana da suga, ranar awo layi yana da tsawo, in ba ki faɗa ba ba lallai a tono ba. Ki kuma gaya mata nauyin ɗanki na fari lokacin da kika haife shi. Ina nanata wannan ne saboda yawan ƙishin da ke sa ki shan roba uku. Yana iya zama zafin Kaduna ne kawai, yana iya zama sabo, amma ƙishirwa mai yawa da yawan fitsari suna cikin alamun suga, kuma gwaji ne kaɗai zai raba gardama. In har aka ce kina da shi, to a nan lemon da babu sukari ya fi mai sukari nesa ba kusa ba duk ranar da kwaɗayi ya ci ƙarfinki, amma likitanki ne zai tsara miki abin ci da sha.

Mutum ɗaya ne aspartame ya haramta gare shi ɗungurungum, mai wata cutar gado da ba ta da yawa da ake kira PKU, wadda jiki ba ya iya sarrafa phenylalanine, ɗaya daga abubuwa ukun nan da aspartame ke rabewa zuwa gare su a hanji. Saboda su ne ake rubuta gargaɗin a jikin roba. In ba a taɓa ce miki kina da ita ba, rubutun ba da ke yake ba.

To me za ki sha? Ruwa ne kan gaba, kusan lita 2 zuwa 3 a yini, wato fiya wata 4 zuwa 6, a watannin Maris da Afrilu ma ki ƙara. Na san mai laulayi ruwa zalla yana mata ƙarni. Ki sa shi ya yi sanyi sosai, ki matsa lemon tsami kaɗan, ki riƙa kurɓa ba ɗaurawa ba. In gas ɗin ne ranki ke so, kuma ina kyautata zaton shi ne, akwai ruwan soda zalla a manyan kantuna, babu sukari babu siwita babu kafeyin, ki matsa masa lemon tsami ko ki zuba ɗan ruwan abarba. Citta tana kwantar da tashin zuciya, wannan an gwada an gani, ki dafa ɗanya kaɗan ki tace ki sa a firji. Kankana, lemon ɓawo, gwanda nunanniya, kokwamba, duk suna kashe ƙishi. Kunun aya ko kunun gyaɗa na gida da sukari kaɗan ko dabino biyu. In fura ce, nonon ya zama an dafa madarar kafin a kwantar da shi, ko ki yi da yogot na kamfani mara sukari. Kada ki bar cikinki ya zama wayam, yunwa tana ƙara laulayi, ki ajiye biskit mara zaƙi ko gasasshen burodi kusa da gado ki ci kafin ki miƙe da safe. Kuma ki sani nan gaba kaɗan, in cikin ya tura sama, gas ɗin da ke miki daɗi yanzu shi zai riƙa tayar miki da ƙwannafi. Yana kuma da tsami mai cin haƙori ko babu sukari, balle ga mai amai, don haka ki kurkure baki da ruwa bayan kin sha. Kada ki yanke lokaci guda daga uku zuwa babu, ciwon kai zai kama ki saboda kafeyin. Ki koma ɗaya a rana na mako guda, sannan rabi, sannan ki riƙa tsallake kwanaki. In kuma aman ya kai ba abin da ke zama a cikinki, ko kina ramewa, ko fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, wannan ya wuce maganar lemo, asibiti za ki.

Saura Hajiya. Ki fara da inda ta yi gaskiya, domin ta yi: ta ce ki rage, kuma za ki rage. Ki je har gida ki gaishe ta, ki ce Hajiya na ji maganarki, na bar ajiye lemon nan. Wannan kaɗai zai sanyaya mata rai, don abin da take so shi ne ta ga jikanta lafiya kuma ta ga ana jin maganarta. Malt da maganin zaƙi kuwa ba bakinki ne zai ƙi su ba. Ki zaunar da maigidanki ki karanta masa wannan, shi zai gaya wa mahaifiyarsa cewa a asibiti an hana ki kayan zaƙi da duk wani jiƙo saboda ciwon sugan da ke gidanku, har sai an yi gwaji. Magana tsakanin ɗa da uwa tana wucewa inda ta suruka ba za ta wuce ba. Amma ki tabbata kin tambayi malamar awo tukuna, don abin da zai faɗa ya zama gaskiya, ba ƙarya aka yi wa dattijuwa ba. In Hajiya mai son rakiya ce, ki gayyace ta awo na gaba ta ji daga bakin ma'aikaciya, da yawansu in sun ji da kunnensu su ne ke komawa masu tsaron maganin. Kuma ki ba ta wani aikin da za ta riƙe, ki ce kina marmarin kwaɗon zogalenta ko farfesun kifi, ta ji da hannunta a renon cikin.

Shi kuma maigida ki gode masa, ki ce kuɗin katan ɗin nan a mayar da shi kankana da ƙwai da kuɗin gwajin suga. Ranar awo ki tafi da roba ɗaya a jaka ki nuna wa likita ko malamar awo ainihin wanda kike sha, su karanta abin da ke jiki, a rubuta a katinki tare da ranar da za a yi miki gwajin.